Samanja Mazan Fama: Mutumin da Ya Sa Talaka Ya Yi wa Kaki Dariya

  Sharhinmu na yau a kan mutum ɗaya ne. Sunansa Alhaji Usman Baba Pategi. In na tsaya a nan, da yawa za su ce wane ne kuma wannan. Amma in na ce Samanja Mazan Fama, na san akwai dattijon da ya riga ya fara murmushi. Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna ranar 12 ga watan Nuwamba na 2023, yana da shekara sama da 80 a duniya. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa. Har yau, duk majalisar da aka ambaci sunansa sai hira ta ɓarke. Wannan ya tuna gidan da suke zuwa kallo. Wancan ya kwaikwayi tsawarsa. Wani kuma ya girgiza kai ya ce an yi mazaje, yanzu babu irinsu. To, daga nan ne gardama take tashi. Matasa sukan ce wa dattawa, ku dai ƙuruciyarku kuke kewa, kuka fake da Samanja. Ni kuwa matsayina a wannan gardama ɗaya ne, kuma zan yi ta nanata shi har mu rabu. Samanja ya sa talaka ya yi wa kaki dariya a zamanin da kaki ke mulkin ƙasa. A fili ya yi, a gidan talabijin na gwamnati, shekara da shekaru, kuma ya kwana lafiya a ɗakinsa. Wannan aikin gwani ne. Shi ne abin da dattawan nan suke tunawa, ko da ba su iya tsara shi da baki ba.

Bari mu fara da mutumin kansa, a taƙaice. Banufe ne, ɗan garin Pategi da ke bakin kogin Kwara, a jihar Kwara ta yau. Ɗan gidan sarautar garin ne. Kaduna ce ta zama gidansa, a nan ya yi aiki a gidan rediyo, a nan ya yi suna, a nan kuma ya kwanta dama. Abu mafi muhimmanci a tarihinsa shi ne ya yi aikin soja na gaske. Ya sa kaki, ya yi fareti, ya kwana a bariki. Ya ji tsawar na sama da shi, ya ga rawar jikin na ƙasa da shi. Saboda haka lokacin da ya tsaya gaban kyamara a matsayin samanja, abin da ya gani da idonsa yake juyowa. Ku riƙe wannan batu, masu sauraro, domin za mu dawo kansa.

Yanzu mu dubi zamanin, domin ba a gane darajar wasan sai an san lokacin da aka yi shi. Soja sun hamɓarar da gwamnatin farar hula a watan Janairun 1966. Yaƙin basasa ya biyo baya, daga 1967 zuwa 1970. Kafin yaƙin, sojojin Nijeriya ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba. Da aka gama, sun kai wajen 250,000. Barikokin da ake da su ba su iya ɗaukarsu ba. Da yawa a cikin gari suka kama haya. Soja ya zama maƙwabci. Da shi ake layin famfo, da shi ake shiga mota a tasha, matarsa da matarka kasuwa ɗaya suke ci. Amma maƙwabci ne da ake taka-tsantsan da shi. Kowa ya san abin da ke biyo bayan cacar baki da mai kaki. An san bulala, an san tsallen kwaɗo a bakin titi, an san mari kafin tambaya. A sama kuma, shugaban ƙasa soja ne, gwamna ma galibi soja ne. In ka cire 'yan shekarun Shagari da 'yan watannin gwamnatin riƙon ƙwarya, haka aka yi ta tafiya har 1999. Duk wanda ya rayu a lokacin ya san yadda ake sassauta murya in mai kaki ya shigo majalisa. A cikin wannan yanayi ne wani mutum ya fito a akwatin talabijin sanye da kakin nan da ake tsoro, ya buɗe baki, gida ya kece da dariya.

Ku tuna kuma yadda kallon yake a wancan lokaci. Talabijin ta fara aiki a Kaduna a 1962, daga baya aka haɗe tashoshin ƙasa a ƙarƙashin hukumar NTA a 1977. Tashar ba ta kwana tana aiki. Sai yamma ta yi ake buɗewa, dare ya raba a sa taken ƙasa a rufe. Akwatin kansa ba kowane gida ke da shi ba. Wani mai ƙofar katako ne, ana kulle shi da mabuɗi, maigida ya sa mabuɗin a aljihu. In lokacin wasa ya gabato, yaran unguwa su yi wanka da wuri su cika tsakar gidan mai akwati. Ƙanana a gaba a kan tabarma, manya a baya, waɗanda suka makara su leƙa ta taga. Maigida yana kan kujerarsa, uwargida da amarya suna daga gefe, wani lokaci har da suruki ya zo baƙunta. In wuta ta ɗauke a tsakiyar wasa, salati da tsakin da za a yi sai an ji su a ƙarshen layi. To, ku lura da abin da wannan zama yake nufi ga ɗan wasa. Dole ya ba kaka dariya, ya ba jika dariya, a lokaci guda, ba tare da ya faɗi kalmar da za ta sa uba ya sunkuyar da kai a gaban 'yarsa ba. Batsa hanya ce mai sauƙi ta samun dariya, kuma an toshe ta. Zagi ma an toshe shi. Abin da ya rage wa mutum shi ne basira.

Ga inda basirar tasa take. Bai zaɓi ya fito a matsayin janar ba, bai kuma fito a matsayin kurtu ba. Ya tsaya a muƙamin samanja, kuma duk wanda ya san bariki ya san muƙamin nan a tsakiya yake. A ƙasa da shi akwai kurata da kofur-kofur da saje, waɗanda ko tarinsa suka ji sai sun gyara tsayuwa. A sama da shi akwai hafsoshi, wasunsu samari ne 'yan makaranta da ya haife su, amma dole ya ƙame ya sara musu. Mutum ɗaya, fuska biyu. Kana kallonsa yana zare ido, yana kumfar baki, yana cika yana batsewa a kan ƙaramin soja. Na gaba da shi ya ɓullo, nan take murya ta canza, ƙirji ya koma ciki. Sannan a biyo shi gida, inda igiyar kafaɗa ba ta aiki, inda ake tambayar kuɗin cefane, inda iyali suka san shi ciki da waje. Mai kallo yana ganin duk wannan. Ma'aikacin ofis ya gane kansa, domin shi ma yana da wanda yake yi wa tsawa da wanda yake yi wa ladabi. Magidanci ya gane kansa. Matan gida kuwa sun fi kowa ganewa, shi ya sa dariyarsu ta fi ƙarfi. Abin da talaka ya gano a ƙarshe shi ne, ashe mutumin nan da muke gudu shi ma yana da wanda yake gudu. Ashe shi ma wata yana yi masa nisa. Na ce muku Samanja ya sa talaka ya yi wa kaki dariya. Ta wannan hanya ya bi. Ya buɗe ƙofar bariki, ya ce ku leƙo ku ga mutanen da ke ciki.

To, masu sauraro, yanzu mu saurari masu ja da wannan ra'ayi, domin suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Na farko su ne matasan da na ambata. Suna cewa ai tasha ɗaya ce a lokacin. Babu tauraron ɗan'adam, babu intanet, babu zaɓi. Duk abin da aka sa, shi za a kalla. Ko waye aka ba wannan fili, zai yi suna. Akwai gaskiya a ciki. Rashin kishiya ya tara masa jama'a, ba shakka. Kuma in ka kalli tsofaffin wasannin da idon yau, za ka ga abin kushewa. Hoton ya dushe. Ɗakin wasan ɗaya ne, kayan cikinsa ba su da yawa. Labarin yana tafiya a hankali, wani zancen ma a maimaita shi har ya so ya gundure ka. Duk na yarda. Amma ga tambayata. Wannan tasha ɗaya tilo shirye-shirye nawa ta watsa a tsawon shekarun nan? Ba su ƙidayuwa. An yi jawabai, an yi tattaunawa, an yi wasanni iri-iri, duk a gaban jama'ar da ba su da zaɓi. Nawa ake tunawa yau? 'Yan kaɗan ne. Ana tuna Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017. Ana tuna Karkuzu na Jos. Ana tuna Golobo na Sakkwato. Ana tuna Bala Miller da shirinsa na kaɗe-kaɗe. Ana tuna Samanja. Sauran duk iska ta kwashe su, alhali su ma fili ɗaya aka ba su, jama'a ɗaya suka kalle su. Rashin zaɓi yana iya zaunar da mutum a gaban akwati. Ba ya iya sa shi ya riƙe murya a ƙwaƙwalwarsa shekara 40. Ƙari a kan haka, Samanja ya yi wasa a rediyo, inda babu kaki, babu zare ido, sai murya kaɗai. Wanda ya iya ba da dariya da murya zalla, ba sa'a ce ta ɗaga shi ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa. Masu ita suna cewa, kai mai sharhi, kada ka mai da ma'aikacin gwamnati ɗan gwagwarmaya. Tashar ta gwamnati ce. Gwamnatin ta soja ce. Da wasan yana ci musu tuwo a ƙwarya, da tuni sun rufe shi. Tunda suka bar shi, to amfaninsa suke ji. Wanke musu fuska yake yi. Yana nuna soja a matsayin mutum mai barkwanci, don jama'a su manta da bulala. Suna ƙara da cewa tun zamanin Turawa hukuma take amfani da wasa don isar da saƙonta. Majigi ya zaga ƙauyuka da fim irin su Baban Larai don a koyi noman zamani. Bayan 'yancin kai ma gidajen rediyo da talabijin sun zama bakin gwamnati wajen wayar da kai, daga sauya hannun tuƙi a 1972 zuwa yaƙi da rashin ɗa'a a 1984. Sannan su kawo misalin Fela Anikulapo Kuti. Su ce ga wanda ya yi wa soja ba'a ta gaske. Ya fitar da waƙarsa Zombie, ya kwatanta soja da gawar da ba ta motsi sai an ba ta umarni. A watan Fabrairun 1977 sojoji suka far wa gidansa a Legas suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa ta taga. Su ce wannan shi ne farashin faɗin gaskiya, kuma Samanja bai taɓa biyan irinsa ba.

Ku saurara da kyau, jama'a, domin ba zan kauce wa wannan hujja ba. Gaskiya ne wasan Samanja ba fagen sukar shugaban ƙasa ba ne. Gaskiya ne bai fito ya ce soja su koma bariki ba. Gaskiya ne kuma rundunar soja ta ci moriyarsa, domin ya rage tazarar da ke tsakaninta da mutanen gari. Wanda ya ce Samanja ɗan tawaye ne ya yi masa ƙarya. Amma wanda ya ce ɗan amshin shata ne shi ma bai yi masa adalci ba. Dalilina na farko shi ne, a ƙasar Hausa akwai tsohuwar hanya ta taɓa mai iko, kuma ba hanyar fito-na-fito ba ce. Ku tuna wasan gauta, inda matan fada suke kwaikwayon sarki da fadawansa, kowa da tafiyarsa da maganarsa, masu sarautar suna zaune suna kallon kansu. Ku tuna kalankuwa, inda samarin ƙauye suke naɗa nasu hakimi da alƙali da ɗan doka, su yi shari'ar wasa da kowa ya san inda ta dosa. Ku tuna 'yan kama, da suke ɗaukar salon malamai su juya shi zuwa zancen tuwo da miya. Ku tuna tashe a watan azumi, yadda yara suke kwaikwayon dattawa a ƙofar gidajen dattawan. Duk waɗannan da izini ake yin su. Mai iko yana nan, yana ji, wani lokaci ma shi ne mai ba da kyauta. Amma babu wanda zai ce wasan gauta fadanci ne. Bafaden da aka kwaikwayi kwaɗayinsa a gaban sarki ya san an taɓa shi. Wanzami ne kaɗai yake kama kan sarki ya juya shi yadda ya so, har ya ɗora masa aska a wuya, kuma a sallame shi da tukuici. Sirrin yana ga hannun da ya san iyakar fata. Irin wannan hannu Samanja yake da shi.

Dalilina na biyu shi ne mu tambayi kanmu, da me mulkin soja yake tsayawa? Da kwarjini yake tsayawa. Bindiga ba ta isa ta tsare kowane lungu ba. Abin da ke tsare lungun shi ne tsoron da ke cikin zuciyar mutane, jin cewa mai kaki wata halitta ce daban. To, duk mako sai ga wannan halitta a tsakar gidanka, yana tuntuɓe da harshensa, yana shan kunya, yana neman mafita, yaranka suna tuntsira dariya. Yaron da ya tashi yana kwaikwayon tsawar samanja a filin ƙwallo ba zai ƙara kallon kaki da irin idon da ubansa ya kalle shi ba. Wannan sauyi ne na a hankali, ba ya fitowa a kanun labarai. Amma sauyi ne. Ku tuna fa, zamani ne da aka kafa doka ta 4 ta 1984, aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, saboda labarin da suka buga. A irin wannan zamani, fili kaɗan ne ya rage da za a ambaci soja a yi dariya a bainar jama'a. Samanja ya riƙe wannan ɗan fili, bai bari an rufe shi ba. Kuma a nan ne tsohon aikinsa ya yi masa rana, batun da na ce ku riƙe. Da farar hula ne ya sa kaki ya yi wannan wasa, da sojoji sun ɗauke shi cin fuska. Amma nasu ne. Sun san ya sha rana a filin fareti. Sun ga kansu a cikinsa, sun yi dariya, wasu kuma ƙila sun ji kunyar halin da aka nuna. Fela ya tsaya daga waje ya yi jifa, kuma jarumtarsa ba abin musu ba ce. Samanja daga ciki ya yi nasa aikin. Ƙasa tana bukatar duka biyun. A ganina kuskure ne a auna ɗaya da mudun ɗaya. Don haka ina nan a kan bakana. Ya sa talaka ya yi wa kaki dariya a zamanin da kaki ke mulki, kuma izinin da aka ba shi bai rage wa dariyar kaifi ba.

Sai hujja ta uku, wadda takan fito daga bakin masu kishin harshe. Suna cewa mutumin nan ya ɓata Hausa. Ya cakuɗa ta da Turancin bariki, ya karya ƙa'ida, ya mai da namiji mace, yara suka ɗauka suna maimaitawa. A nan ina ganin an yi wa tarihi gajeren kallo. Hausar bariki ta girmi Samanja nesa ba kusa ba. Rundunar sojan Nijeriya kanta tana jingina asalinta ga ƙaramar rundunar da wani Bature mai suna Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda aka yi wa laƙabi da sunan Hausawa. Shekaru da dama Hausa ce harshen da sojan mulkin mallaka yake magana da shi a yankin nan, har a ƙasar Gana ta yau. Batibi da Bazabarme da Babarbare da mutumin Bauci da na Adamawa, duk da ita suke fahimtar juna, kowa da irin lanƙwasar harshensa. Daga baya Turanci ya shigo ya zauna a kanta. Abin da Samanja ya yi shi ne ya ɗauko wannan harshe yadda yake a bakin masu shi, ya kawo shi gaban jama'a. Kuma ku lura, cakuɗawar tasa tana da tsari. Ya san inda zai saki Turanci don nuna isa. Ya san inda Turancin zai ƙare masa ya faɗo kan Hausa. A wannan faɗowar dariyar take. Mutum ba ya iya karya harshe da gangan, a daidai gaɓar da za ta ba da dariya, sai in ya san harshen sarai. Masu kallo ma sun san wasa ne. Ba wanda ya je makaranta ya rubuta jarrabawa da Hausar Samanja. In ana neman masu yi wa Hausa illa, a duba masu gabatar da shiri na yau da suke cusa Turanci a kowace jimla da muryar kansu, ba wasa suke yi ba, kuma ba su san suna yi ba. Ga wata riba kuma da aka samu. Wannan gaurayen harshe ya sa wanda Hausarsa ba ta nuna ba shi ma ya zauna ya kalla. Bayarabe a Sabon Gari ya bi labarin, Inyamuri a kasuwa ya bi. Af, kada mu manta, shi kansa mai wasan Banufe ne. Ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan Hausa na ƙarnin da ya wuce daga bakin kogin Kwara ya fito, kuma ba a taɓa jin Hausawa sun ce ba nasu ba ne.

Kafin mu rufe, kalma ɗaya game da 'yan wasan yau, domin kada a ce mun zo yabon jiya ne don mu kushe yau. Ban yarda da masu cewa basira ta ƙare ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya riƙe jama'a har rasuwarsa a 2014, kuma a cikin yaran da ke yin gajerun wasanni a waya akwai masu ƙwaƙwalwa. Abin da ya sauya shi ne wurin zama. Yau kowa shi kaɗai yake kallo, wayarsa a tafin hannu, yatsa a shirye ya wuce. Ɗan wasa yana da 'yan daƙiƙu ya kama shi ko ya rasa shi. Irin wannan kasuwa ihu take saye, da abin mamaki, wani lokaci da abin kunya. Ba ta ba mutum damar ya gina hali guda ya raine shi shekaru, har jama'a su san shi ciki da bai. Abin da matashin ɗan wasa zai ɗauka daga Samanja shi ne ya san mutanen da yake kwaikwayo tun daga tushe, kuma ya kai dariyarsa sama, wajen masu iko. Yi wa gurgu da mahaukaci da baƙauye dariya ba ya bukatar ƙarfin hali.

Amma ta yaya matashin zai koya in bai ga aikin ba? Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk zancen. Wasannin nan a kan kaset aka ɗauke su. Kaset yana tsufa. Zafi yana cinsa, laima tana cinsa, ƙura tana cinsa. Injinan da ke karanta irin waɗannan kaset ɗin an daina ƙera su, masu gyaransu ma suna ƙarewa. A da, gidajen talabijin da yawa a duniya sukan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai don tsimin kaset. Ko BBC ta Ingila ta yi asarar shirye-shirye masu yawa ta wannan hanya, daga baya ta koma tana roƙon jama'a su kawo abin da suka adana a gida. 'Yan guntayen Samanja da ke yawo a YouTube ba su kai ko kusa da abin da ya yi ba. Saboda haka ina kira ga shugabannin gidajen rediyo da talabijin na Kaduna, da na Kano da Jos da Sakkwato, su buɗe ɗakunan ajiyarsu, su juye abin da ke ciki zuwa kwamfuta tun ana iya juyewa. Ina kira ga sassan nazarin Hausa da na wasan kwaikwayo a jami'o'inmu su tura ɗalibai wajen abokan aikinsa da suka rage, a ɗauki bayaninsu da muryarsu. Rundunar soja ma tana da haƙƙi a kanta, domin nata ne.

Ku kuma masu sauraro, akwai naku aikin. In akwai tsohon kaset na bidiyo a ƙasan gado ko a cikin adaka, wanda Baba ya ɗauka daga talabijin, kada a ba yara su warware shi, kada a zubar. A kai shi wajen masu juyewa, a ba gidan rediyo ko jami'a kwafi. Matasa kuma, yau da daddare ku tambayi iyayenku wane ne Samanja, ku kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarku kafin su fara ba ku labari. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, ƙofar wannan fili a buɗe take, ya aiko mana da nasa ra'ayin. Allah ya jiƙan Alhaji Usman Baba Pategi da sauran magabatanmu.